Daga Filin Sukuwa Zuwa Titin Bagauda: Tarihin Tseren Mota a Ƙasar Kano

1/
Yau zaren tarihi ne, kuma zai yi tsawo, don haka wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare. Maganar tseren mota zan yi: yadda filayensa suka samo asali, yadda ya taɓa zuwa har Kano, da abin da ya sa mu 'yan kudancin Kano kwalta ce filinmu. 🧵

2/
Bari in fara da abin da ya jawo zancen. Hutun da ya wuce ina gida Bebeji aka yi bikin abokin yayana. Ranar kai amarya motoci sun fi goma. Muna hawa kwaltar da ta nufi Bagauda sai yara biyu suka fara abin da kuka sani. Wannan ya wuce wancan, a fizgi birkin hannu, mota ta juya, ƙura ta tashi, kowa ya ɗaga waya.

3/
Ni ma na ɗaga tawa, ba zan yi muku ƙarya ba, har da ihu. Ba a yi minti biyu ba ɗaya motar ta ƙwace ta yi gefen hanya, ta ɗebi wani yaro mai tallan rake. Bai fi shekara 12 ba. Ya rayu, alhamdulillah, amma sai da aka sa masa ƙarfe a ƙafar dama. A daren na goge bidiyon.

4/
Washegari ina ba kakana labari. Tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jan Fijo tsakanin Kano da Jos. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Kai ɗan nan, ai ba ku kuka fara gudu ba. Mu mun ga masu gudun gaske a Kano zamanin Audu Bako. Turawa ne da motoci masu lamba a jiki, ta Sahara suka ɓullo."

5/
A raina na ce to, Baba ya fara haɗa zance. Da na koma makaranta na zauna na bincika. Ashe da gaskiyarsa. Zan kawo labarin nan gaba kaɗan, amma dole mu fara da doki, don tarihin filin tseren mota a kan kofaton doki aka gina shi, a nan da can ƙasashen waje.

6/
Son gudu a jininmu yake tun kafin a ƙera inji. Hawan Sallah ana danganta farkonsa da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ya ga mahaya sun sako dawaki a guje sun ja linzami dab da Sarki, ya san abin da yaron nan mai birkin hannu yake nema. Wannan bugun zuciyar ne dai.

7/
Bambancin shi ne jafi yana da fili, yana da lokaci, yana da dogarai masu korar mutane baya, yana da manya masu cewa wane ya isa, wane bai isa ba tukuna. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

8/
Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903. Da suka zauna a Nassarawa suka kawo nasu salon: zagayayyen fili, a jera dawaki a layi ɗaya, a sake su, wanda ya fara zagayowa ya ci. Daga nan muka sami Filin Sukuwa, wanda har yau titin da ke gefensa da sunansa ake kira.

9/
Wani abin da ba kowa ya sani ba: ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka iso Kano daga Masar, ƙarƙashin wani hafsa Arthur Coningham. Lokacin babu filin jirgi. A filin dawakin Turawa suka sauka, don shi ne shimfiɗaɗɗen wuri da aka share. Wato filin doki ne ya fara karɓar jirgin sama a Kano.

10/
Yanzu ku tsallaka da ni Amurka, ku ga abin mamaki. A shekarar nan ta 1903 da Turawa suka shiga Kano, a kusa da birnin Milwaukee aka yi tseren mota na farko a wani filin sukuwar dawaki mai zagayen mil ɗaya. Sunansa Milwaukee Mile, kuma har yanzu ana tsere a cikinsa.

11/
Haka abin ya kasance a ƙauyukansu da yawa. Kowace gunduma tana da filin baje kolin amfanin gona, a cikinsa akwai zagayen dawaki. Da mota ta yawaita sai samari suka ce a ba mu mu ma mu zagaya. Aka ba su. Doki ya ja baya, mota ta gaji filin.

12/
Irin waɗannan su ake kira gajeren fili: zagayen da bai kai mil ɗaya ba, wato ƙasa da kilomita 1.6. Wasu rabin mil, wasu rubu'in mil, kusan mita 400 kenan. Wasu kwalta, da yawa kuma jar ƙasa ce zalla, a yayyafa mata ruwa a daddanne. Kana zaune a benci kana ganin duk motocin daga farko har ƙarshe.

13/
Misali ɗaya da ya tsaya min a rai: Knoxville a jihar Iowa. Mutanen garin ba su kai 8,000 ba. Filinsu rabin mil ne na ƙasa, tsohon zagayen dawaki. Amma bencinsa yana ɗaukar sama da mutum 20,000, kuma tun 1961 ake babbar gasa a can duk shekara. Garin manoma ne fa, kamar Kiru ko Tudun Wada.

14/
Akwai kuma Bowman Gray a jihar North Carolina. Filin ƙwallo ne, aka zagaye shi da kwalta rubu'in mil. Tun 1949 ake tsere a wurin a ranakun Asabar. Direbobin yawancinsu makanikai ne da masu ƙananan sana'o'i, su yi aiki mako guda, su kwana a gareji suna ɗaura inji, Asabar su fito.

15/
Kar ku ɗauka waɗannan mutanen salihai ne tun asali. Da yawa cikin direbobin farko 'yan fasa-ƙwaurin barasa ne, masu gyara mota ta fi ta 'yan sanda gudu. Wani Junior Johnson sai da ya yi zaman gidan yari kan wannan harka, ya kuma ci tsere 50 a gasar NASCAR, wadda Bill France ya kafa a 1948.

16/
A California ma samari kan titi suke tsere suna kashe kansu da mutane. A 1951 wani ɗan jarida Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA da manufa ɗaya: a ɗauke yaran nan daga titi a kai su wurin da aka killace, da alƙali, da doka, da motar asibiti a gefe. To kun ji yadda suka yi da nasu masu birkin hannun.

17/
Mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya. Zuwa shekarun 1930 har akwai motocin fasinja na Faransawa da ke ratsa Sahara daga Aljeriya, su bi ta Tamanrasset, Agadas, Damagaram, su sauke a Kano. Tsohuwar hanyar raƙuma ce ta koma ta taya. Wannan ya sa duk Baturen da ke son gwada mota a hamada ya san sunan Kano.

18/
Sai 1974, labarin Baba. A shekarar za a yi gasar cin kofin duniya ta ƙwallo a Jamus ta Yamma. Sai aka shirya wani dogon tseren mota don tallata ta: a tashi daga Landan, a ratsa Sahara, a ƙare a Munich. Aka tashi ranar 5 ga Mayu. Mota 70. Ƙarshen hanyar ta kudu, inda za a juya a koma arewa, Kano ce.

19/
Ku tsaya ku auna wannan. Watan Mayu. A Sahara. Mu da muke Kano ma a watan nan ko fanka iska mai zafi take hurawa. Ga shi bayan rikicin man fetur na 1973 ne, yawancin manyan kamfanonin mota sun janye, saura yawanci masu kuɗin kansu da ƙarfin hali.

20/
Matsala ta faro tun a Aljeriya, kusa da wani gari Abadla. Takardar da aka raba wa direbobi ta ce a daidai inda kwalta ta ƙare za ku karkata. To ashe bayan an auna hanyar, gwamnatin ƙasar ta ƙara tsawon kwaltar. Da yawa suka bi takarda, suka karkata a inda ba nan ba. Babu GPS, babu waya a aljihu. Motoci suka watsu cikin yashi.

21/
Wasu suka yi ta zagaye har mai ya ƙare. Wasu inji ya buga. Sai da aka fita nemansu. Cikin waɗanda hamada ta kayar har da Stirling Moss, ɗaya daga cikin manyan direbobin Ingila a tarihi, da Mercedes ɗinsa. 'Yan tsiraru ne suka ratsa Nijar suka iso Kano. Su Baba ya gani, sun yi buɗu-buɗu, a cewarsa kamar an tono su daga rami.

22/
Daga Kano suka sake juyawa cikin hamadar, suka fita ta Tunisiya, suka bi ta Italiya da Turkiyya, suka isa Munich ranar 25 ga Mayu. Cikin 70, mota 19 aka lissafa sun gama. Wasu 'yan Ostireliya uku, Ken Tubman, André Welinski da Jim Reddiex, suka ci da Citroën DS 23. Tazarar da suka ba ta biyu ta fi kwana guda cur.

23/
Ta biyun kuwa? Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Kuma mata biyu 'yan Faransa ne a ciki, Christine Dacremont da Yveline Vanoni. Masu cewa mace ba ta iya tuƙi, ga amsarku tun 1974, kuma ta garinku ta bi. 😅

24/
Shekara ɗaya bayan nan, 1975, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. A shekarar ce kuma 504 ta ci tseren Safari na Kenya. Don haka motar da kakanninmu suke loda wa mutum tara da buhun masara a Tudun Wada, jinin tsere ce. Ba banza ba direbobin da suke ji da ita.

25/
To ina Bagauda a wannan labarin? Ga ta nan. A daidai lokacin da motocin nan suke shigowa Kano, yankinmu shi ne wurin da gwamnati ta fi zuba ido. An ƙirƙiri Jihar Kano a Mayun 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako. Mutumin ya ɗauki ruwa da muhimmanci fiye da komai.

26/
Ya yi dam ɗin Bagauda. Ya yi na Tiga, wanda aka fara a 1971 aka gama a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Fari yana cin Sahel a shekarun nan, shi kuma yana tare Kogin Kano. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da kuke gani yau, ruwan Tiga ne.

27/
Kuma bai tsaya a noma ba. Ya yi tunanin mutum yana buƙatar inda zai huta. Ya gina otal a bakin ruwan Bagauda, aka sa masa sunan Sarkin Kano na farko, wanda tarihin Kano ya ce ya hau a 999. Ya gina Rock Castle a kan dutse a Tiga. Ga gidan zu a birni, ga dajin Falgore can wajen Doguwa da Tudun Wada don kallon namun daji.

28/
Ku tambayi iyayenku abin da Bagauda take a shekarun 1970 da 1980. Nan ake manyan taruka na ƙasa. A 1980 masana ilimi daga duk Najeriya suka taru a wurin, har yau ana kiran rahotonsu da sunan taron Bagauda. Ango mai hali nan yake kawo amarya. Baba ya ce ranar Lahadi motocin 'yan Kano layi suke yi a hanyar.

29/
Wato a shekara ɗaya, 1974, muna da komai a hannu. Ga gwamna mai son dawaki da gina wuraren shaƙatawa. Ga kuɗin mai. Ga fili fetal a kudancin jiha. Ga tseren duniya ya shigo har gida. Ga masana'antar mota ana ginawa a Kaduna. Da za a haifi filin tseren mota a ƙasar Kano, lokacin ne, kuma a ganina nan ne wurin.

30/
Hakan bai faru ba. Tseren 1974 baƙo ne, ya kwana ya wuce. Na Turawa ne, mu 'yan kallo. Bai bar ƙungiya ba, bai bar yaro ɗaya da aka koya wa sana'ar ba. A Yulin 1975 aka yi juyin mulkin da ya kawo Murtala, Audu Bako ya sauka. Ya rasu a 1980, Allah ya jiƙansa.

31/
Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu daɗewa da baƙon. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a Disamban 1978, ya yi shekaru yana bi ta Agadas. Ya kawo kuɗi da 'yan yawon buɗe ido, ya kuma take mutane a ƙauyukan da ya ratsa, har da yara. A 2008 aka soke shi saboda tsaro, ya koma Kudancin Amurka, yanzu yana Saudiyya.

32/
Otal ɗin Bagauda kuwa a hankali ya yi sanyi. Abin gwamnati ne, kuma baƙinsa manya ne masu zuwa taro. Da kuɗi ya ja baya, taro ya koma Abuja, sai wuri ya zauna shiru. Daga baya aka mayar da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Yau yaron Kano in ya ji Bagauda, baƙar kwat da farar riga yake tunawa.

33/
Ba na kukan wannan. Makaranta ta fi kango, kuma masu shago da masu abinci na yankin suna samu. Amma akwai darasi a kwatancen. Knoxville ba gwamna ne ya raya ta ba. Manomi ne da makaniki suke sayen tikiti duk Asabar shekara da shekaru. Bagauda kuwa talakan Bebeji bai taɓa jin nasa ba ne, aiki yake zuwa yi ko kallo daga bakin ƙofa.

34/
Can ma fa filaye suna mutuwa. North Wilkesboro an buɗe shi a 1947, aka rufe a 1996, ciyawa ta fito ta cikin kwaltar. Mutanen garin suka yi ta naci shekara da shekaru har aka dawo da babban tsere a 2023. Akwai masu jin zafin rufewarsa, shi ya sa ya tashi.

35/
Filin Sukuwa na Kano shi ma bai bi hanyar Milwaukee ba. Gari ya zagaye shi, yau ƙwallo da motsa jiki da taron siyasa sun fi doki yawa a wurin. Doki ya koma titi, muna kiransa kilisa. Mota ma ta koma titi, muna kiranta wasan mota. Duka biyun hukuma ta sha hanawa a Kano. A kama, a ci tara, a yi shiru wata biyu, biki ya zo a dawo.

36/
Ga lissafin da ya kamata duk mai ƙure maleji ya sani. A gudun kilomita 100 cikin awa, mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarka ta bar totur ta taka birki ka riga ka wuce shago biyar. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. Ba ƙwarewa ce ke canza wannan ba.

37/
Direban filin tsere ma wannan lissafin ne a kansa. Abin da ya fi ka da shi: kowa hanya ɗaya ya nufa, babu akuya, babu mai rake, babu tirela daga gaba. Akwai katanga da waya tsakaninsa da 'yan kallo. An cire gilashi, an yi wa motar kejin ƙarfe a ciki, yana da hular kwano da bel. In ya yi ganganci a ɗaga masa baƙar tuta ya fita.

38/
Ba Amurka kaɗai ba. Salon juya mota a kwana a kan hanyoyin duwatsun Japan ya taso, ba bisa doka ba, irin su Keiichi Tsuchiya suka kai shi fili ya zama gasa. A Afirka ta Kudu a unguwannin Soweto ya faro a shekarun 1980, da BMW 325i, har a jana'izar 'yan daba ake yi. A 2014 aka amince da shi a matsayin wasa, da filinsa da dokarsa.

39/
Nan gida ma an fara motsi. A Jihar Edo an gina filin tsere a Evbuobanosa. Bikin kamun kifi na Argungu ana haɗa shi da tseren motoci. Mu da tseren duniya ya taɓa juyawa a garinmu, har yanzu in ka tambayi yaro ina ake wasan mota, titi zai nuna maka.

40/
Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, don abokan ɗakina sun riga ku. Na ɗaya: almubazzaranci ne, mutane ba su ci abinci ba kana maganar ƙona taya. Gaskiya ne, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Amma tayar ana ƙona ta yanzu haka, ko da fili ko babu. Tambayata a ina ake ƙonawa, kuma wa yake tsaye a gefe.

41/
Na biyu ya fi ƙarfi, kuma shi ya fi damuna. Wani ya ce yaron da ke wasa a biki ba tsere yake so ba, idon mutane yake so, musamman na ƙawayen amarya. Ka gina masa fili a bayan gari ba zai je ba. Wallahi akwai gaskiya a ciki. Fili ba zai kwashe kowa ba. Sai dai ranar da aka ce gwanaye suna can, ana ba su kofi ana ɗaukarsu a bidiyo, na titi ya zama ɗan koyo. Yaro ya fi tsoron raini a kan tara.

42/
Na uku: gonar wa za a ƙwace? Wannan tambaya ce ta haƙƙi, don mutanen yankinmu sun san abin da ake nufi da tashi saboda aikin gwamnati tun lokacin Tiga. Shi ya sa na daɗe a kan Bowman Gray. Rubu'in mil zagayen filin ƙwallo ne kawai. Jar ƙasa muna da ita, ruwan yayyafi ga dam, tsofaffin tayoyin katanga suna jibge a kowace tasha.

43/
Makanikai kuwa kar ma a yi magana. Wanda ya taɓa ganin yadda ake sauke inji a ɗora wani cikin yini ɗaya a Ƙofar Ruwa ya san ba hannu muka rasa ba. Abin da jafi yake da shi ne wasan mota ya rasa: fili, lokaci, masu korar mutane baya, da manya masu cewa kai ba ka isa ba tukuna.

44/
Kuma in za a yi, ni ba na fatan a jira gwamna ya zo ya yanka kirtani. Mun ga yadda wannan ya ƙare a bakin ruwan Bagauda. Ƙungiyar direbobi, makanikai, masu sayar da kayan gyara, hakimi, jami'an kiyaye haɗurra, su ne za su iya riƙe abu duk mako. Ƙaramin abu, tikitin da ɗan acaɓa zai iya biya.

45/
Da na karanta wa Baba sunayen mutanen 1974 a waya, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe har mata a ciki? To mu dai hula muka gani." Ya tambaye ni wace mota ce ta zo ta biyu. Na ce Fijo. Dariyar da ya yi sai da tari ya sarƙe shi.

46/
Yaron mai rake na je na duba shi kafin in dawo makaranta. Yana takawa da sanda. Iyayen direban sun biya kuɗin magani, manya suka shiga aka sasanta. Babarsa ta hana shi talla a bakin titi, yanzu ƙanensa ne yake fita da farantin.

47/
Bayan Sallah akwai wani bikin a layinmu, an riga an fara aron motoci. Na yi wa yayana magana, ya ce zai gaya wa abokan ango. Na ce masa ni dai a motar gwaggo zan zauna, can baya, kuma wayata tana aljihu.